Ka tsinci dabba a Amurka: ka kai ta gidan ajiya ko ka riƙe ta kana cigiya?

Wata safiyar Asabar, ban jima da dawowa daga masallaci ba, wani ƙanena da ke zaune a jihar Karolina ta Arewa ya bugo mini waya. "Yaya, ina kwana. Ga wani kare nan kwance a gindin matattakalarmu tun daren jiya. Akwai abin wuya, amma babu lamba a jiki. Yara sun ba shi ruwa, yanzu ya ƙi tafiya. In kira hukuma su zo su ɗauke shi?" Ban kai ga amsawa ba matarsa ta karɓi wayar. "Yaya, ni an ce mini in aka kai shi can, kwana uku kawai za su yi masa allura ya mutu. Wallahi ba zan ɗauki alhakinsa ba."

Kwana ukun da ta ji ba jita-jita ba ne. Dokar jiharsu ta ce gidan ajiyar dabbobi ya riƙe dabbar da aka tsinta aƙalla awa 72. Abin da ba a ƙarasa mata ba shi ne abin da ke biyo baya. Cikar wa'adin ba hukuncin kisa ba ne. Daga ranar ne gidan ajiya ke samun damar yanke shawara: ko su ba wani ya riƙa, ko su miƙa ta ga wata ƙungiya, ko kuma in wuri ya ƙure, ko dabbar ba ta da lafiya, ko tana cizo, su yi mata allurar. Kafin ranar kuwa hannunsu a ɗaure yake, sai dai in tana cikin azabar da aka ga babu mafita.

A gida ba mu san wannan lissafi ba. In akuya ta ɓata, gidan mai unguwa ake kai ta, a yi cigiya a masallaci bayan magariba, a ɗaure ta a turke har mai ita ya zo ya faɗi kamanninta. Ba mai duba agogo. A Amurka kuwa da agogo ake aiki, kuma kowace jiha da nata. Shi ya sa amsar da zan ba mutumin Greensboro a Karolina ta Arewa ba ita zan ba mutumin Houston a Teksas ko na Bronx a Niu Yok ba.

Gwamnatin tarayya ba ta ɗora wa kowa wa'adi ɗaya ba. Ɗan abin da ta tanada yana da tarihi. A 1965 aka sace wata karya mai suna Pepper daga gidan masu ita a Fensilbeniya, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta mutu a ɗakin gwaji na wani asibiti a Niu Yok. Hayaniyar da ta biyo baya na cikin abubuwan da suka haifar da dokar kula da dabbobi ta tarayya a 1966, wadda aka damƙa wa ma'aikatar gona ta ƙasa. A 1990 aka ƙara mata sashen da ya hana gidan ajiya sayar wa dillali kare ko kyanwa sai ya riƙe su kwana 5. Iyakarta ke nan, ta shafi dillalan da ke kai dabbobi ɗakunan bincike ne. Ragowar maganar an bar wa jihohi, wasu jihohin kuma suka bar wa birane da gundumomi.

Fensilbeniya na cikin masu gajeren wa'adi. Karen da ba shi da lasisi, wato lambar rajistar hukuma da ake rataya masa a wuya, awa 48 ne nasa, ban da ranakun da wurin ke rufe ga jama'a. Mai lasisi kuwa sai an aika wa mai shi takarda, sannan a ƙirga kwana 5. A Ohayo tazarar ta fi haka faɗi: kwana 3 ga marar rajista, kwana 14 ga mai rajista. Jihar Niu Yok ta ba karen da ba a san mai shi ba kwana 5, wanda aka san mai shi kwana 7 in an sanar da shi ido da ido, kwana 9 in ta wasiƙa ne, ko da yake ta yarje wa garuruwa su rage har zuwa kwana 3, kuma birnin Niu Yok kansa ba ya ƙarƙashin wannan sashe, nasa tsarin daban. Bajiniya kwana 5 ce, ana fara ƙirga daga washegarin ranar da aka kawo dabbar, in an ga wata shaida a jikinta a ƙara wasu 5. Kolorado ma 5, amma shugaban gidan ajiya zai iya saukowa zuwa 3 in dabbar ba ta da shaida kuma wuri ya ƙare ko tana da haɗari. Niu Jazi mako guda cur. Teksas kuwa, duk girmanta, ba ta sa wa kare da kyanwa wa'adi na jiha ba, kowane birni da abin da ya rubuta.

In ka lura, da yawa daga cikin jihohin nan sun raba dabbobi gida biyu, masu shaida, wato wata alama a jikinsu da ke nuna mai su, da marasa shaida. Wannan rabon ya fi adadin kwanakin muhimmanci, kuma zan dawo kansa.

Labarin Kalifoniya ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya koya mini kada in yarda da lambar da ke rubuce a doka har sai na tambayi mutanen da ke wurin. A 1998 majalisar jihar ta zartar da dokar da ɗan majalisar dattawa Tom Hayden ya kawo, ta ɗaga wa'adi daga awa 72 zuwa ranakun aiki 6, ko 4 ga gidan ajiyar da ke buɗewa da yamma ko a ƙarshen mako don ma'aikata su samu zuwa. Ta kuma ce in wata ƙungiya mai rajista ta nemi a ba ta dabbar da za a kashe, a ba ta. Doka ce mai tausayi. Sai dai ƙarin kwana ƙarin abinci ne da magani da albashi, kuma a tsarin Kalifoniya in jiha ta ɗora wa ƙananan hukumomi sabon aiki, ita za ta biya. Da aljihu ya ƙone a 2009, aka dakatar da biyan, wajibcin ƙarin kwanakin ya tafi tare da shi, shekaru suka yi ta tafiya a haka. A 2012 gwamna Jerry Brown ya nemi a soke sassan gaba ɗaya, masu kare dabbobi suka yi ca, ba a soke ba. To ga shi nan: ka buɗe littafin doka ka ga kwana 6, ka je wani gidan ajiyar ka tarar awa 72 suke bi, wani kuma ya ci gaba da riƙe tsohon wa'adin daga aljihunsa.

Da can ina ganin duk jihar da ta fi yawan kwanaki ita ta fi adalci. Har yanzu ina ganin awa 48 ta yi kaɗan ƙwarai. Ka ɗauki mutanenmu direbobin manyan motoci da ke yin mako guda a kan hanya, ko matan da ke aikin jinya dare da rana: kafin mutum ya farga dabbarsa ba ta gida, ya gano inda ake tambaya, ya samu hutun zuwa, an rufe littafi. Amma dogon wa'adi ma yana da nasa tsadar, kuma dabbobin ne ke biya. Keji ɗari ne, alal misali, a gidan ajiya. Duk dabbar da ke zaman jira ba a iya ba da ita, ko da ga mai so a tsaye a ƙofa. In sababbi suna shigowa kullum kuma ba a fitar da na jira, waɗanda wa'adinsu ya riga ya cika su ake ragewa don a samu wuri. Ga kuma cuta: cunkoso da firgici na sa karnuka tari, kyanwoyi kuma mura mai toshe musu hanci da ido, kuma yadda zama ya yi tsawo haka kamuwa ke ƙaruwa. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni a jami'ar Kalifoniya da ke Davis da jami'ar Fulorida sun daɗe suna jan hankali a kai, musamman game da kyanwa. Saboda haka ni tsarin Bajiniya ya fi kwanta mini: kwana 5 ga kowa, ninki biyu ga wanda aka ga alamar akwai mai nemansa.

Wani zai ce me ya haɗa ma'aikatar gona da karen da ke kwana a kan kujerar falo? Asalin dokokin karnuka a jihohi da yawa ba don tausayin kare aka yi su ba, don kare tumakin manoma aka yi. Kuɗin lasisi ana tara shi ne a biya manomin da karnuka suka yi wa ɓarna. Shi ya sa har gobe a Fensilbeniya ofishin da ke kula da dokar karnuka yana cikin ma'aikatar gona, a Niu Yok ma dokar na cikin kundin gona da kasuwanni. Shi ya sa kuma doka ke kallon kare a matsayin dukiya, kamar saniya, kuma shi ya sa aka manta da kyanwa a wurare da dama: wa'adin Fensilbeniya da na Ohayo da na ambata na karnuka ne.

Aikin a rabe yake. Majalisa ce ke yanka kwanaki, hukumar gona kuma ita ke rubuta ƙa'idojin yau da kullum: girman keji, tsafta, iska, irin bayanan da za a rubuta a kan kowace dabba, wanda ya cancanci yin allurar ƙarshe. A Kolorado tun 1994 akwai dokar da ta sa duk mai gidan ajiya ko ƙungiyar ceto ya yanki lasisi a ma'aikatar gona, kuma ƙa'idojin da kwamishina ya rubuta suna bi ta gaban hukumar gona ta jihar, mai mambobi 9 da gwamna ke naɗawa. A Bajiniya ofishin babban likitan dabbobi na jiha ne ke zagayen duba gidajen ajiya, kuma kowace shekara suna miƙa ƙidaya: nawa suka shigo, nawa aka mayar wa masu su, nawa aka ba riƙo, nawa aka kashe. Ƙidayar nan a buɗe take a intanet. Karolina ta Arewa ma tana da sashen kula da dabbobi a ma'aikatar gonarta da ke duba gidajen ajiya. Niu Jazi da Delawe kuwa ma'aikatar lafiya suka ba aikin. Amfanin sanin wannan a gare ka ba kaɗan ba ne: a jihar da ake ba da lasisi kuma ake wallafa ƙidaya, kana iya duba halin wurin da za ka kai dabba kafin ka kai ta, kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa in aka yi ba daidai ba.

To, mu koma ga karen da ke gindin matattakala.

Babban abin da gidan ajiya na hukuma ya fi ka da shi shi ne can mai dabba zai fara zuwa. Ba'amurken da karensa ya ɓata ba ƙofa-ƙofa zai bi ba, waya zai ɗauka ya kira gidan ajiyar gundumarsa. Wani bincike da aka yi a Ohayo, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa a cikin karnukan da aka samu bayan sun ɓata, hanyar da ta fi kowace yawa ita ce kira ko zuwa irin waɗannan wurare. Suna da na'urar duba shaida, suna da likita, suna da keji na ware marar lafiya, kuma da zarar sun rubuta dabbar a littafi agogon doka ya fara tafiya. Wannan agogon ba mai dabba kaɗai yake karewa ba. In zuciyarka ta kwanta da dabbar kana son riƙe ta, hanya mafi tsabta ita ce wa'adi ya cika a hannun hukuma, sannan ka karɓe ta da takarda. Aibinsa kuwa shi ne wanda matar ƙanena ta ji tsoro: a gundumar da wuri ya cika, babban kare marar shaida, tsoho ko mai firgita, yana iya zama cikin waɗanda ba za su fito ba. Ga kuma kuɗin fansa da ke hawa kan mai shi, wanda ke hana wasu talakawa zuwa karɓa ko da sun san inda yake.

Riƙewa a gida tana kawar da cunkoso da cuta, kuma tana barin dabbar a unguwar da ta ɓata, inda mai ita zai fi yawo yana kira. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu ba mu saba da kare a cikin ɗaki ba, ba mu san yadda ake karanta fushinsa ba, ga yara ƙanana, ga wurin salla, ga takardar haya da sau da yawa ta hana ajiye dabba. Ba ka san ko an yi masa rigakafin ciwon haukan kare ba. In ya ciji wani yana hannunka, za a killace shi kwana 10 ana dubawa, kai kuma kai za a yi wa tambayoyi. Sannan abin da mutanenmu suka fi kuskure a kai: ciyarwa ba ta mai da kai mai dabba. Ko wata uku ta yi a gidanka, in ba ka sanar ba, mai ita na iya zuwa ya ce ka ɓoye masa dukiya. Bajiniya ta rubuta wannan ƙarara: duk wanda ya tsinci dabbar gida ya riƙe, cikin awa 48 ya nemi mai ita in akwai shaida, kuma ya sanar da gidan ajiyar hukuma na yankin. Ko jiharka ba ta rubuta haka ba, ka ɗauka ta rubuta.

Akwai hanya ta uku da ke jan hankalin masu tausayi, wato miƙa dabbar kai tsaye ga ƙungiyar ceto mai zaman kanta, don an ce su ba sa kisa. Da yawansu mutanen kirki ne masu kashe kuɗinsu da lokacinsu. Sai dai mai dabba bai san da su ba, kuma wasu kan ɗauki dabba su kai wata jiha cikin 'yan kwanaki. Ko da ta hannun hukuma aka bi, rikici na iya tasowa. A farkon Janairun 2013 wani kare mai suna Monte ya fice daga gidan masu shi a Houston, ba lamba, ba shaida. Ma'aikatan birni suka kama shi, aka sa hotonsa a intanet amma aka rubuta shi da wani jinsin kare daban, don haka masu shi suka yi ta nema ba su gan shi ba. Wa'adi ya cika, aka miƙa shi ga wata ƙungiyar ceto. Bayan 'yan kwanaki masu shi suka gano inda yake, ƙungiyar ta ƙi ba su. Aka yi shari'a shekara uku, har a 2016 Kotun Ƙolin Teksas ta ce nasu ne, domin babu inda dokar birnin ta faɗi a fili cewa cikar wa'adi ta raba mai kare da karensa. In haka ta faru da karen da ya bi ta ƙofar hukuma, ka ƙiyasta wanda aka zagaye hukumar gaba ɗaya. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya fara da ƙungiya. A fara da sanarwa, ƙungiya ta biyo baya.

Na ce zan dawo kan shaida. Akwai wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da likita ke dasawa ƙarƙashin fatar dabba tsakanin kafaɗu. Ba ta nuna inda dabba take, lamba ce kawai a ciki, in aka ɗora na'urar dubawa sai ta fito, a bi ta a samu wayar mai ita. Wani bincike na jami'ar jihar Ohayo da ya fito a 2009, wanda ya duba gidajen ajiya 53, ya gano cewa kusan kashi 22 cikin 100 na karnukan da aka tsinta ne ke komawa gida, amma masu wannan ƙwaya sun haura kashi 52. A kyanwa tazarar ta fi ban mamaki: ƙasa da kashi 2, a kan sama da kashi 38. Babu wani ƙarin kwana da majalisa za ta yi da zai kawo irin wannan bambanci. Kalifoniya ta gane haka, tun 2021 ta sa gidajen ajiya su dasa ƙwayar kafin su saki kare ko kyanwa. A gare ka kuwa abin da wannan ke nufi shi ne kafin ka zaɓi komai, ka kai dabbar asibitin dabbobi mafi kusa a duba ta. Yawancinsu ba sa karɓar ko sisi a kan wannan, kuma minti biyu ya isa.

Kyanwa hukuncinta daban, kuma a nan ne tausayi ke yin ɓarna. Mu da muka taso da mage a tsakar gida, in muka gan ta a waje sai mu ji kamar marainiya ce. Amma binciken nan na 2007 ya nuna yawancin kyanwoyin da suka ɓata aka kuma samu, da ƙafarsu suka dawo. In ka ga kyanwa mai ƙiba, gashinta na sheƙi, tana yawo ba tsoro, mai yiwuwa gidansu na bayan katanga. Ka ɗauke ta ka kai gidan ajiya, ka fitar da ita daga wurin da za ta iya komawa gida da kanta, ka kai ta wurin da ƙasa da biyu cikin ɗari ake zuwa karɓa, a jihar da watakila ma dokar wa'adi ba ta ambace ta ba. In ka ga an datse mata ɗan kan kunne ɗaya, alama ce an riga an kama ta an yi mata aikin hana haihuwa an mayar da ita, akwai masu ciyar da ita. Wadda ake ɗauka ita ce ramammiya, ko mai rauni, ko 'yan jarirai da ka tabbatar uwarsu ba ta dawowa.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurinmu. A hadisin Zaidu ɗan Khalid, da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ɓatacciyar tunkiya, ya yi nuni da a ɗauke ta, domin in ba a ɗauka ba ta kyarkeci ce. Da aka tambaye shi raƙumi sai ya ce a ƙyale shi, yana da abin takawarsa da abin shansa har mai shi ya same shi. Wanda zai halaka in an bar shi, shi ake kamawa, wanda zai iya da kansa a bar shi. Lafiyayyiyar kyanwa a unguwa ta fi kama da raƙumin nan, kare a bakin babbar hanya kuma ya fi kama da tunkiyar.

Tunkiya ta gaske kuwa, da akuya da saniya da doki, ba sa cikin lissafin gidan ajiya ko kaɗan, dokar ɓatattun dabbobin kiwo ce ke kansu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin duk shekara gab da babbar salla akwai wanda ragonsa ke tsinke igiya a bayan gida, akwai kuma wanda ya sayi 'yar gona a bayan gari ya wayi gari da baƙuwar akuya a cikin nasa. A Teksas, wanda ya ga irin wannan a filinsa sherif zai kira, wato shugaban 'yan sandan gunduma. Sherif zai bincika rajistar tambarin lalas, ya yi sanarwa, in ba a zo an fanshi dabbar ba kafin rana ta 18 da kama ta, ta zama ta gunduma, a sayar a gwanjo. In ka sanar cikin kwana 5 da ganinta, kana da haƙƙin a biya ka ciyarwa da ɓarnar da ta yi maka. In ka yi shiru ka haɗa ta da naka, ko ka ce ai tsintuwa ce ka yanka, abin da doka za ta kira shi sata ne, kuma Teksas ba ta wasa da satar dabbar kiwo. Sau da yawa za ka ga lamba a kunnen tunkiya ko akuya, ta shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da wata cutar ƙwaƙwalwar tumaki. Da ita ake gano garken da dabbar ta fito. Kada ka cire ta, ko a ragonka ne, domin ranar da ya tsere ita za ta yi maka shaida. A nan babu zaɓi biyu, a kira sherif kawai.

A kare ne zaɓin yake da gaske, kuma ga inda na tsaya. In kana jihar da wa'adinta ya kai kwana 5 zuwa sama, kamar Bajiniya ko Niu Jazi, ko kuma karen yana da lasisi a wuya a wuri irin Ohayo, kai shi gidan ajiya ba tare da damuwa ba, lokacin ya ishi mai nema. In karen na da rauni, ko yana gurnani, ko kai kanka kana jin tsoronsa, kada ma ka taɓa shi, kira su zo, ko a wace jiha kake. Amma in kana inda wa'adin kwana 2 ko 3 ne, karen ba shi da shaida, mai sanyin hali ne, kuma kana da gareji ko shingen bayan gida, to abin da ya fi shi ne ka haɗa biyun: ka sanar da hukuma su rubuta shi da hotonsa, kai kuma ka riƙe shi. Ka tambaye su kai tsaye, kwana nawa kuke riƙewa, kuna ƙirga ranar da kuke rufe, wuri ya cika ko da saura, kuma in wa'adi ya cika ba wanda ya zo, za ku kira ni kafin ku yanke shawara? Ka karɓi lambar da suka ba dabbar ka rubuta.

Ga ƙanena wannan haɗin ma doka ta tanade shi. A Karolina ta Arewa gidan ajiya na iya damƙa dabbar da ke cikin wa'adi ga wanda ya tsince ta ya riƙa musu, su ajiye hotonta a wurinsu don mai nema ya gani. Haka muka yi. Da hantsi ya shimfiɗa tsohon bargo a bayan mota, wani maƙwabcinsu da ya saba da karnuka ya taya shi ɗora shi, suka je asibitin dabbobi. Aka samu ƙwayar a kafaɗarsa, sai dai lambar wayar da ke rajista ta daina aiki, mai shi ya canza layi bai sabunta ba. Daga nan suka wuce gidan ajiya, aka ɗauki hoto, aka cike takarda, suka dawo da shi. Matar ta ce ba dai cikin ɗakinta ba, don haka garejin maƙwabcin ya kwana, yaran na kai masa ruwa safe da yamma a tsohuwar robar wanki.

Ranar Litinin da la'asar wata dattijuwa ta kira gidan ajiya tana neman karenta. A asibiti ta yi ƙarshen makon, jikanta ne ya bar ƙofar shinge a buɗe. Tsakanin gidanta da matattakalar ƙanena layi huɗu ne.